Uwar Jaririn Roba

A shekarun casa'in shara nake yi a wata makarantar koyon aikin lafiya a Gumel. Tsintsiya da bokiti ne nawa, ba ruwana da allura. Amma da jarrabawa ta zo sai a tuna da mu masu shara, a kwantar da mu kan gado wai mu ne marasa lafiya. An danna mini ciki, an gwale mini ido, an naɗe mini hannu da bandeji har ya yi tsami. Wa ya taɓa tambayarmu ko mun yarda? Sai dai ki ji, "Ke, ajiye tsintsiyar nan, zo."

Ran nan malamin da ke shirya jarrabawar ya miƙo mini jaririn roba cikin tsumman zane. Ya ce, "Yau ke uwa ce, sanƙarau ya kama ɗanki. Ai kin fi kowa sanin alamominsa."

Na karɓi jaririn. Ko shekara ba a yi ba da sanƙarau ya ɗauke mini ɗana a ƙauyenmu, can gefen Gagarawa. Ɗan fari ne, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa kuka a gaban jama'a. Da aka fita da shi, gero na ci gaba da surfawa, mata suna yaba kunyata. Kunyar nan ita kaɗai ta rage mini, da ita nake tsaye. Shi kuma malamin nan mutumin garin Sule Tankarkar ne, ya san al'adar sarai, har gaisuwar mutuwar ya yi mini. Wai don na sani ya zaɓe ni! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na zauna kan benci, ɗalibai suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. "Inna, yaushe zazzaɓin ya fara? Wuyan ya sanƙare? Ya yi amai?" Ni ban iya ƙarya ba, sai na riƙa ba su labarin ɗana: yadda ya daina kama nono, yadda muka ɗora shi a amalanke saboda babu mota. Malam yana gyaɗa kai yana rubutu. Wani mai rawar kai har da ɗaure fuska: "To me ya hana ki kawo shi da wuri?" Kai, yaro! Tambayar da nake tashi da ita kullum ke nan. Na haɗiye, na ce hanya ce ba kyau.

Ɗalibai 'yan yankin nan duk, da sun ji na ce na fari ne, sai su tsallake zancen suna. Ta ƙarshe wata yarinya ce Kirista, iyayenta ma'aikata ne da suka zo daga wajen Filato. Ba ta san al'adarmu ba, ban kuma taɓa ganin laifinta ba. Ta durƙusa, ta dafa gwiwata, ta ce, "Sannu Mama. Yaya sunansa?"

Na gyara wa jaririn roban zanensa. Ta sake tambaya a hankali, tana jira da biro.

Sai na ji sunan ya fito daga bakina, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi. Shi ke nan, kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, a gaban maza, a gaban yaran da nake share wa aji. Yarinyar ta rikice, ta yar da takardarta ta rungume ni.

Malam kuwa ya leƙa waje ya kira sauran ɗaliban. Suka cika ƙofa suna kallona. Ya nuna ni da biro ya ce, "Ku duba da kyau. Haka za ku riƙa samunsu a asibiti."