Damin da Inna ta Ɗaure da Jan Ƙyalle

Ba zan faɗi sunana ba, don Inna, mahaifiyata, tana raye, kuma ta sha kunyar da ta ishe ta. Ni ɗan wani ƙauye ne da ke tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na fita, na riƙa noma da damina, da rani in ɗauko wa mutane kaya da amalanken jaki. A lokacin ko kazar wani ban taɓa kamawa ba. In ana neman yaron kirki a garinmu, da ni ake misali.

Wata shekara diraktan lakwal ya tara gari. Ya ce yaran tungaye suna zuwa da nisa, ba karin kumallon kirki, in an tashi sai su watse da yunwa, ba mai zama ya yi bita, shi ya sa suke faɗuwa jarrabawar shiga kolej. Aka yi shawarar buɗe darasin yamma, kuma a riƙa ciyar da yaran kafin a fara. Kowane gida ya kawo damin hatsi da kaka. Samarin kasuwa masu wa'azi suka sayo babbar tukunya da sukari. Matasan coci da suka yi karatu a Dutsi suka ce za su koyar kyauta, mata kuma suka raba girki, da Saratu, wata Kirista mai yawan dariya, a matsayin shugabarsu. Aka gina rumbu a bayan aji. Mutanen da a da gaisuwa kaɗai ke haɗa su, sai ga su suna cuɗa laka tare.

Inna gwauruwa ce, gonarta ba ta da girma, amma ita ta fara kawo nata. Ta yage bakin wani tsohon jan zanenta ta ɗaura a jikin igiyar damin. Ta ce, "Don ɗiyan su san tsohuwa ma ta sa hannu."

Rumbu ta sama ake shigarsa, sai da tsani. Aka nemi saurayi mai ƙarfi da amana wanda zai riƙa hawa yana miƙo dami kullum. Aka zaɓe ni. Daga ranar ba wanda ya sake leƙa cikin rumbun nan sai ni kaɗai.

Da zangarniya biyu na fara, na kai wa tantabaruna. Na ce ai ladan hawa ne. Bayan haka abokai a fada, majalisar da samari ke hira, suka koya mini karta, aka cinye ni, na ji kunyar tashi hannu wofi. Ranar kasuwa, da gari ya watse, na sauko da dami ɗaya na rufe shi da harawa a amalanke, na kai wa wani mai sayen hatsi a Kore Mairuwa. Ban sussuka ba, don ƙarar turmi za ta tona ni, a ɗaure na sayar. Ranar ban iya cin tuwo ba. Kasuwa ta gaba kuwa na ci har da ƙari.

Da rumbu ya fara sauka, sai na riƙa zuba kara a ƙasa ina jera dammuna a kai, ko wani zai leƙa. Wata rana hannuna ya kai kan damin mai jan ƙyalle. Na gane shi sarai. Na ɗan tsaya, sannan na ɗora shi a amalanke tare da sauran. Duk abin da na aikata, wannan ne yake hana ni ɗaga kai har yau.

Da bazara, ana saura kaɗan jarrabawa, na hau na sauko ba komai. Yara na zaune a rumfa da kwanoninsu. Dirakta ya hau da kansa, ya sa hannu, ya zaro kara. Ya dube ni ya ce, "Ina hatsin?"

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na ɗaga murya na ce a tambayi masu girki, kullum biyu Saratu take cewa in miƙo, alhali ɗaya ya isa. Ƙarya ce, amma ta kama kamar wuta a shuci. Kafin sati ya zago, masu tukunya sun ɗauke tukunyarsu, sun ce dama sun faɗa. Matasan coci suka ce ba za su koyar a inda ake kiran uwarsu ɓarauniya ba. Saratu ta daina zuwa rijiya sai in ba kowa. Darasin yamma ya mutu, ni kuwa ina yawo ina taya mutane jimami.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hatsinmu na gida ya ƙare, Inna ta tafi Kore Mairuwa saye. Mutumin nan da nake sayar wa ya ɓoye abin da ya saya sai farashi ya hau, ranar ya fito da shi. Ta ga zanenta a jikin dami, ta tambayi wanda ya kawo, ya kwatanta mata ni da jakina.

Ta same ni a zaure. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Kai kad ɗauki abincin ɗiyan mutane?" Ta ce, "Hatci ana noma wani. Amma matag ga da kas sa ma suna, mi tay yi maka?" Na roƙe ta ta rufa mini asiri, ni ne fa ɗanta ɗaya. Ta ce, "Awo, kai ɗai gare ni. Tashi mu tahi wurin mai gari, ko in tahi ni ɗai."

Ita ta ba da shaida a gaban gari, sannan a gaban jandarmomi. Aka kai ni kaso a Dutsi. A can na san yunwa, na zauna da kwano ina jiran a zuba mini, kamar yadda na bar yaran nan zaune a rumfa. Na yi kuka, kuma ba kukan dukan kowa ba ne.

Da aka sake ni, gidan Saratu na fara zuwa, na durƙusa. Ta ce, "Ni na yahe. Amma ɗiyan shekarag ga, wa za ya maida musu?" Yawancinsu sun faɗi jarrabawar. Wasu na ganinsu yanzu a tasha suna talla, suna gaishe ni da ladabi, gaisuwar ta fi mini zagi ciwo.

An sake buɗe darasin bayan an sha wahalar sasanta mutane, kuma yanzu mutum uku ke hawa rumbu tare. Na tuba ga Allah, na bar karta, na koma amalankena.

Ku matasa, in an ba ku amanar abin da ba mai gani sai ku, ku ji tsoron zangarniyar farko. Ku bar ta inda take. In kuma kun riga kun faɗa, ku ɗauki laifinku da kanku, kada ku jingina shi ga wanda bai ji ba bai gani ba.

Har yau kowace kaka Inna tana ɗaure dami da jan ƙyalle, ta ɗora mini a ka, ta hana ni sa shi a amalanke. In ratsa tsakiyar gari da shi kowa na kallo, in ajiye a bakin ƙofar lakwal in juyo. Ciki dai ba a yarda in shiga ba, kuma ban ga laifinsu ba.