Ambulan na Bakwai

Ɗahiru ɗan garin Bambeye ne, gidan maƙera. Mahaifinsa garma da lauje yake ƙerawa, kuma duk abin da ya fito daga maƙerarsa sai ya buga masa zane uku da ɗigo, don in ya karye mai shi ya san ƙofar da zai koma. Ɗahiru ya tashi da wannan al'ada. Yana da shekara ashirin ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan, kamar yawancin samarin Adar. Can ya koyi walda, ya yi shekara goma sha tara yana zuwa gida kamar baƙo, wata ɗaya ko biyu ya koma.

A 2018 ya dawo Tawa, ya buɗe rumfar walda kusa da hanyar kasuwar dabbobi. Ya yi wa matarsa Ladi alkawari a gaban yayanta cewa ya gama tafiya. Sai dai aikin gari bai kai ya riƙe rumfar ba. Ƙofa ɗaya yau, gyaran amalanke jibi, sannan mako guda shiru.

Ni sakatare ne a biron da ke karɓar takardun masu neman kwangilar gwamnati. A nan na san shi, lokacin da aka kawo wani shiri na haɗa ƙananan masu sana'a da gogaggun 'yan kwangila su koya musu neman aiki. An ɗauki mutum goma sha huɗu. Shi aka haɗa shi da Alhaji Abdurazak, wanda ya yi shekaru yana gina ajujuwa a jihar.

Wata shida suka yi. Kowace Talata Ɗahiru na zuwa bironmu a kan kabu-kabu da jakar leda a hammata. Alhaji ya kai shi ya yi rajistar sana'a, ya samu lambar haraji, ya koyi tsara dosiye, wato takardun neman kwangila, shafi bayan shafi. Na sha jin su ta taga.

"Kai maƙeri, takarda ba ƙarfe ba ce, sassauta hannu, ka huda ta!"

"Alhaji, in ban danna ba ina za a san na zo?"

Alhaji ne ya sa ya yi hatimin roba, ya ce kowane shafi sai da hatimi da sa hannu. Ɗahiru ya sa aka zana masa zane uku da ɗigon mahaifinsa a tsakiya, sunansa kewaye. Ranar da ya karɓo shi sai da ya buga a bayan hannunsa ya nuna mini.

Darasi ɗaya ya rasa, na makon ƙarshe. An yi rasuwa a Bambeye, ya tafi gaisuwa. A ranar ne aka yi bayanin rufe dosiye: ambulan biyu ne, na ciki da suna, na waje kuma ba suna, ba wata alama, don kada 'yan komisiyo masu tantancewa su san na wane ne kafin a buɗe.

A watan Maris aka fito da kwangilar teburan 'yan lakwal, wato ɗaliban makaranta, guda ɗari uku, na ƙauyukan Takanamat. Aikin ya isa ya riƙe rumfarsa shekara guda. Ya gaya mini da bakinsa cewa in bai samu ba, ba shi da abin da zai ce wa Ladi sai jakar tafiya.

Ranar ƙarshe, ana rufe karɓa da ƙarfe goma. Ya shigo tara da minti arba'in da ɗaya, cikin sabuwar riga. Ya ajiye ambulan a gabana, sai na ga hatimin a baya, har guda uku, ɗaya a kowace mahaɗa, an buga su a tsanake.

Dokar aikina ita ce in karɓa, in rubuta lokaci, in ba da lamba. Ba a yarda in duba ko in ba da shawara ba. Wakilan 'yan kwangila biyu na zaune a benci suna kallona. Akwai mai sayar da ambulan a bakin ƙofarmu, kuma da sauran minti goma sha tara. Na rubuta lamba bakwai, na miƙa masa rasit.

"Mushe," ya ce, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, "komi ya yi daidai?"

"An karɓa," na ce.

Da aka zauna buɗewa, shugaban komisiyo ya ɗaga na bakwai, ya juya shi, ya ajiye gefe. Alhaji Abdurazak ya dafe kai. Ɗahiru ya miƙe tsaye.

"Ranka shi daɗe, ai ba ku buɗe ba."

Aka karanta masa sharaɗin. Ya ce bai taɓa jin an ƙi aiki don mai shi ya sa alamarsa ba, ai ɓarawo ke ɓoye suna. Wasu suka yi dariya. Ya zauna har aka gama.

Alhaji ya yi ta lallashinsa ya jira wata kwangilar. Wata ba ta fito ba sai bayan damina, kuma ta kekunan asibiti ce, ba aikinsa ba. Kafin nan ya riga ya sayar da injin waldar.

Ya zo karɓar ambulan ɗinsa ranar 9 ga Nuwamba. Na ɗauko shi a kabad, a rufe kamar yadda ya kawo shi. Ya sa hannu a rajista, sannan ya ɗago kai.

"Mushe, ran nan ka gani?"

"Na gani."

"Kuma ba ka ce komi ba."

"Doka ba ta ba ni ba, Malam Ɗahiru."

Ya ce, "To. Kowa da aikinai." Ya miƙo mini hannu, muka gaisa, ya fita.

Bayan kwana huɗu ya hau motar Abijan, yana da shekara arba'in da biyar. Ladi da 'ya'yansu sun koma Bambeye wajen danginsa. Na kan haɗu da ƙanensa Zubairu a masallacin Juma'a, mu gaisa. Har yau ban iya tambayarsa yaushe Ɗahiru zai dawo ba.