Wane Dajin?

Ina tankaɗe gari a gidanmu na Sabon Gari maƙwabcinmu mai shara a kilinik ya yi sallama, ya ce sakamako ya dawo daga Yamai, lokotoro, wato likita, na son ganinmu. Muka tafi mu uku: ni da Yaya da Inna.

Yaya zabiya ne. Shi ne babba a ɗakinmu, yana noman rani a Jiratawa, albasa da tattasai, yini guda cikin rana. Wani ɗan ƙurji mai sheƙi ya fito masa a gefen hanci. Ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake ɓawo, har shekara ta zagayo. Lokacin tutocin jam'iyyu sun cika Maraɗi, ma'aikata ba albashi, asibitin gwamnati yau a buɗe gobe yajin aiki. Shi ya sa muka kai shi wata kilinik mai zaman kanta a unguwar Zariya, aka yanki ɗan naman aka aika.

Lokotoro ya yi bayani da Faransanci, majo, babban mai jinya, yana mayarwa da Hausa.

"Ciwon daji ne na fata, Inna. Amma irin wanga ba shi yawo cikin jiki. Inda ya zauna nan yake ci. In an yanke shi duka, an rabu da shi."

Inna ta gyara zama. "Wane dajin?"

"Suna ne kawai, Inna. Haka ake ce mishi."

"Ba a raɗa suna banza, ɗana," in ji ta.

Inna ƴar wani ƙauye ce a bayan Tibiri. Ta kama salla bayan aure, amma ba ta saki sha'anin mutanen ɓoye ba. Tana da cikin Yaya ta taɓa zuwa itace da rana tsaka, ta huta gindin wata tsamiya a bakin gulbi. Da aka haife shi fari fat, tsofaffi suka ce masu dajin sun shafe shi, kuma wata rana za su tambayi abinsu. Tun ranar take jira. Yanzu ga mai farar riga ya faɗa da bakinsa.

An yi aikin. Aka cire ƙurjin, aka ɗebo fata a bayan kunne aka liƙe wurin. Ya yi kyau har abokan Yaya suna tsokanarsa wai an yi masa faci kamar tayar keke. Sai sakamako na biyu ya zo: akwai saura ta wajen ido, a dawo a ƙara yanka kafin ruwa ya sauka.

Inna ta ce wuƙa ta yi nata. Abin daji a daji ake biyansa.

Na sami Yaya yana ɗaure kayansa. Na ce, "Yaya, kai ma ka yarda da wannan?"

"Ke ƴar lakwal, sarkin boko, zauna," ya ce. "Ban yarda ba. Amma matar nan ta goya ni tsakar kasuwa ba ta taɓa rufa mini zane ba, mutane na tofar da yawu. Damina ɗaya ta roƙa. Ba ki ji majo ba? Ba shi yawo. Zai jira ni."

Suka tafi Tibiri. An yanka baƙin akuya, an yi hayaƙi, an shafa masa garin sassaƙe. Na je sau biyu, kowane zuwa na tarar da tsumman da ke fuskarsa ya ƙara faɗi.

Bayan girbi ya dawo. Lokotoro ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo. Ciwon bai yi yawo ba, gaskiya ne. Ya zauna inda yake ya ci fatar ido, ya kai ƙashi. Ya ce abin ya fi ƙarfin kilinik ɗinsa, sai Yamai. Muna shirin tafiya aka karya darajar kuɗinmu na sefa, komai ya yi tsada, tafiyar ta zama ta baɗi. Majo ya ci gaba da wanke masa miki. Rani biyu Yaya ya ƙara, yana zuwa Jiratawa da rabin fuska a rufe, har mikin ya ɗauki ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai tashi ba.

Ranar sadakar bakwai na ji Inna tana gaya wa mata, murya ƙasa, cewa masu dajin sun karɓi abinsu. Ta tsufa a cikin kwanakin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Ɗiyar Yaya ta fari ma zabiya ce, tana hannuna. Bana wani tabo ya fito mata a kunne, yana ɓawo yana ɓarewa. Ni da Inna mun fara maganar inda za a kai ta. Ba mu gama ba.