Karatun Malama a Gadon Kusa da Namu

Shekarar da ruwa ya ci rabin shinkafarmu, tsuntsayen jan-baki kuma suka sauka a kan ragowar, ita ce shekarar da na fi daɗewa a asibiti da 'yata ta biyu. Sikila gare ta. Ciwon ya taso mata cikin ƙashi, ta yi kuka har muryarta ta dushe, a sa mata ruwa, a yi allura, ya lafa, mu koma gida. Kafin in gama wanke kayan da muka dawo da su, ya sake tasowa. Na gaji har ta kai ko a tahiya barci fizgata yake yi.

Mahaifinta bai samu zama ba. Wuni yake a fadama yana korar tsuntsaye da gwangwanaye, sai bayan la'asar ya biyo ta asibitin, ƙafafu duk taɓo, ya tofa mata addu'a ya wuce.

A gadon kusa da namu akwai wata mata da tata 'yar, ciwonsu iri ɗaya. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, tana koyarwa a wata firamare a Kafin Hausa, shi ya sa kowa a ɗakin Malama yake ce mata. Sabonmu ya fara ne da aron bokiti.

Tana da wani littafin yara na Turanci wanda bangonsa ya yage. Idan rana ta take, fanka ta tsaya, sai ta ɗauko ta karanta wa 'yarta. Da ta lura tawa na miƙo wuya, sai ta juyo da kujerarta tsakanin gadajen biyu, ta riƙa karanta layi tana mayar da shi Hausa.

Labarin wani gari ne a bakin tafki. A ƙarƙashin tafkin akwai sarki mai yaudarar yara da 'ya'yan itace masu ƙyalli, duk wanda ya ci sai ya nutse zuwa fadarsa, ya manta sunansa. A garin kuma akwai wani makiyayi da ya san sunan kowane yaro, yana yawo da gurasa a jaka wadda ba ta ƙarewa komai yawan masu ci.

Da farko ba na saurara. Da an fara karatun nake jingina kai da ƙarfen gado in rufe ido, domin lokacin ne kaɗai yarinyar ke sakin hannuna. Amma kunne ba ya rufuwa. Ranar da aka zo inda makiyayin ya sauka ƙarƙashin ruwa, sarkin ya ce ba zai saki yaran ba sai wani marar laifi ya zauna a madadinsu, makiyayin ya ajiye sandarsa ya ce ga shi, sai na buɗe ido. Na yi sakandare da 'yan mata Kiristoci, na san wannan zancen.

Na sami Malama a bakin famfo tana wanke kwanuka.

Na ce, "Malama, makiyayin nan, ba Annabi Isa ake nufi ba, yadda kuke faɗarsa?"

Ba ta yi wata kwana-kwana ba. Ta ce, "Mai littafin bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Amma mu idan muka karanta, shi muke gani. In ba ki so, 'yar'uwa, sai in rage murya."

Na tsaya riƙe da kwano. Ba fushi na ji ba. Wani sabon nauyi na ji an ɗora mini a kan wanda nake ɗauke da shi, ga shi sai na yanke shawara, ni da ko abin da za mu ci da rana ba na iya yankewa. Na ce mata zan yi tunani.

Ban kai ga tunanin ba, yarinyar ta kwashe labarin kaf ta ba mahaifinta da yamma. Ya kira ni baranda.

Ya ce, "Me ake karanta wa yarinyar nan?"

Na gaya masa yadda muka yi da Malama. Ya kalli masu adaidaita a bakin ƙofa, ya ce ba ya son a cusa mata abin da ba namu ba.

Na ce, "Malam, lokacin karatun nan ne kawai ba ta kuka. In akwai abin da za ka kawo a madadinsa, ka kawo."

Ya share fuska da hularsa. Shi ma idanunsa sun faɗa. Ya ce, "To, ki zaunar da ita ki gaya mata abin da muka yi imani da shi."

Na zaunar da ita. Na ce mata a wurinmu Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, manzon Allah ne, ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi, kuma babu mai ɗaukar laifin wani. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Na sani, Umma, an koya mana a Islamiyya. Ni dai so nake in ji ko yaran za su tuna sunansu."

Aka ci gaba da karatu. Malama ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya ta wa'azi ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba.

Ba a kai ƙarshe ba jikin 'yarta ya rikice, likita ya ce su wuce Kano. Da hantsi suka tattara cikin gaggawa, na riƙe mata jaka har mota, littafin yana ciki. Labari ya tsaya makiyayin na ɗaure a ƙarƙashin ruwa. Yarinyata ta dame ni in ƙarasa mata. Na gwada, na ce mutanen gari sun zo da kwale-kwale sun ceto shi. Ta ce ba haka ba ne, ta juya wa bango fuska.

Bayan an sallame mu Malama ta kira ni. 'Yarta ta farfaɗo, amma za su koma wajen danginta, ba za ta dawo Kafin Hausa ba. Na miƙa wa yarinyata wayar. Ina jin muryar Malama sama-sama, a gajiye, tana taƙaita mata ƙarshen labarin: an ɗauka makiyayin ya mutu, sai wata safiya ya fito ta ɗaya gaɓar, yaran ba su gane shi ba sai da ya kira kowanne da sunansa.

Yarinyar ta ce, "Anti, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta miƙo mini wayar, ta ce gwiwarta ta fara yi mata ciwo. Na tashi na ɗora ruwan zafi.