Sifirin Mashina da Bayan Gwaggo

Jama'a, yau na kusa kashe Gwaggo, ga shi yanzu ita ke sa min albarka!

Jiya zan ɗauko buhunan gyaɗa daga Makoda, sai na sa Malam Sabo bakanike ya ɗaure sifirin ɗin bayan mashina tamau, kar kaya su danne taya. Ya ce, "In ka sauke, dawo in sassauta." Na manta sam.

Da safe Baba ya ce in kai Gwaggo asibiti. Wata biyu ke nan bayanta ya ƙage, a duƙe take tafiya. Ga ta ba nauyi, kamar kara. Mai ya yi tsada, sai na yanke ta cikin gonaki. Muna hawa wata kunya, mashin ya cilla ta sama! Ta dawo kan kujera, na ji ƙas!

Ta ce, "Innalillahi! Habu, ka karya ni!"

Na taka birki. Me zan gaya wa Baba? Ta sauko a hankali. Wallahi sai ta miƙe sak! Ta taka, ta juya, ta ce, "Wane asibiti? Mai da ni gida."

Yanzu haka tsofaffi uku na zaune a tsakar gidanmu, kowacce dafe da ƙugu, wai in kai su wajen kunyar nan. Na ce bari in je a sassauta sifirin ɗin tukuna. Gwaggo ta fizge makullin mashin ɗin.

"Wanda ya taɓa sifirin nan, ban yafe ba!"