Amsoshin da Baba ya fassara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, amma a wannan watan na fi kewarsa, don shi kaɗai zai gane tsoron da nake ciki.

Gab da samun ƴancin kai, Baba na saurayi ɗan lakkol, wato makarantar boko, wani Anasara mai bincike ya ɗauke shi tafinta. Suna bin unguwannin Agadez suna tambayar matasa me kowa ke so ya zama in ƙasa ta dawo hannunmu. Abin da Anasaran bai sani ba, mu nan ba a faɗa wa baƙo buri, kar baki ya kama shi. Sai kowa ya shara masa ƙarya, mafi muni da ya samu. Baba na fassarawa yana danne dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wanda ya ce gina kabari yake so, har ya tsufa shi ke ginar kaburburan unguwarsu. Wata ta ce ita dai ta zauna bakin ƙofa tana jira. Mijinta ya tafi fatauci, ta yi ta jira har ta mutu. Aminin Baba ya ce zai bi raƙuma ya ɓace, kuma a hanyar Dirku, can cikin hamada, aka neme shi aka rasa. Baba ya ce kamar akwai wani na uku a wurin, yana saurare, bai san wasa ba. Tun ina yarinya ban taɓa jin ya tambayi yaro burinsa ba. Mukan tsokane shi da camfi.

Bana ma masu bincike sun dawo da irin wannan tambayar, da salula a hannu. Sun tare ɗana Ilyasu, wanda ba shi da magana sai ta zama likita. Ya shigo gida yana ƙyalƙyala dariya.

"Inna, na ce masu Jado za ni haƙar zinariya, rami ya rufta da ni."

"Ka koma ka warware!"

"Haba Inna, ai sun wuce. Kuma ba haka ake yi ba?"

Da Baba na nan, na san ba zai yi faɗa ba, dubansa kawai zai yi. Bai bar mana gida ko garke ba, wannan kunnen ya bar mani, mai jin abin da ke bayan wasa, kuma wallahi da na huta da shi.

Sakamakon jarrabawar Ilyasu bai yi kyau ba. Shekaranjiya na ji shi a zaure yana tambayar wani yaushe motar Jado ke tashi.