Tukunyar da Malam Labbo Ya Bari

Allah ya yi wa Malam Labbo Jibrilla rasuwa ranar Talata, 11 ga Yuni, 1985, cikin watan azumi, a gidansa na Unguwar Lalle, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura da la'asar. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Tsohon malamin gona ne, amma daga Sabon Birni har Isa an fi saninsa da tara malam-buɗe-littafi. Farkon zuwana wurinsa labarin fari da ƙarancin ruwan sama na je nema, sai ya shigar da ni wani ɗaki mai warin kafur, bangonsa cike da akwatunan gilashi. A gabana ya soke ɗaya a ƙirji da siririyar allura, ya shimfiɗa fukafukan bisa katako, ya danne su da tsagin takarda don su bushe a buɗe. Har yau in na rufe ido ina ganin bangon nan, ɗaruruwan fukafukai a buɗe, babu mai motsi.

Malam, a bakinka na ji yadda rayuwarsu take. Ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta ci ganye ta ƙoshi, ta naɗe kanta cikin ƙwanso, ta yi shiru kamar gawa. Ka ce in iska ta bushe, wasu sukan ƙi fitowa, su yi ta jira har danshi ya zauna. Shi ya sa kake tsinko ƙwanso daga bishiyar lemu da ƙirarensu, ka jera a tukunyar ƙasa tsakar gida, ka ɗaure bakinta da tsumman gidan sauro. Ba ka shuka sai sun fito. Ban taɓa karanta tabbacin wannan a ko'ina ba, kai ma ba ka ce doka ce ba. Abin da ka gani kawai kake faɗa.

Bara da ruwan farko ya sauka, gari ya fita da sungumi, kai ka zauna. Maƙwabcinka Illo ya leƙo ta katanga.

"Malam, yanzu tsutsa ka hwaɗa muna ranar shuka?"

"Ta hi ni haƙuri, Illo, kai ko ta hi ka hankali."

Aka yi dariya, Illo ya tafi gona. Ruwa ya ɗauke, shukarsa ta ƙone a ƙasa. Kai ka raba irinka biyu, ka aika masa da rabi, ba ka kuma tada zancen ba. Daminar ba ta wadata kowa ba, amma waɗanda suka jira tare da kai sun tsira da iri. Shi ne ɗan abin da ke hannunsu yau, kuma in ya ƙone babu na sake shuka.

Tun da farin nan ya tsananta ka aje allura. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Sun yi kaɗan, ɗana. Wanda ni soke ba ya sake yin ƙwai." Akwai yara a garin da ba su san wasu irinsu ba sai a cikin gilashinka.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Adda, da 'ya'yanka, da mutanen Unguwar Lalle. Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sa irin da ka raba ya tarar da kai a mizani. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya shayar da ƙasarmu.

Ranar Asabar an yi ruwa. Magidanta da dama, har da Illo, ba su taɓa irin shukarsu ba, suna zaune ƙofar gidan marigayin suna jiran labarin tukunyar. Adda, da ke takaba, ta aiko musu cewa ƙwanso ɗaya ya tsage, babu kome a ciki. Ba ta ga abin da ya fito ba, tsumman kuma ya huje. Marigayin ne kaɗai ya san bambance ƙwanson da abin cikinsa ya tashi da wanda tururuwa ta cinye. Har lokacin rubuta wannan, ba a samu wanda ya ga malam-buɗe-littafi a garin ba.